Ruwan Da Ka Zubar, Wa Zai Sha Shi? Darasi A Kan Ƙazamin Ruwan Gari Da Kogin Binuwai

Kowace shekara, da zarar ruwan fari ya sauka a watan Mayu ko Yuni, mu ma'aikatan asibiti mun san abin da zai biyo baya. Ba a daɗewa ɗakin yara zai cika da masu gudawa, da masu amai, da masu atini. Iyaye mata sukan ce sabon ruwa ne bai karɓi yaron ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma ba sabuntar ruwan ce ta kwantar da yaron ba. Abin da ruwan ya kwaso a hanya shi ne ya kwantar da shi. Dukan ƙazantar da ta taru da rani a bayan gari, da cikin lambatu, da gindin itatuwa, da busasshen mayo, ruwan fari yakan share ta a dare ɗaya, ya kai ta rijiyoyi da kogi.

Wannan darasi zai nuna inda ƙazamin ruwan gari yake tafiya, da irin cututtukan da yake ɗauke da su, da yadda gari zai iya tsabtace shi tun bai isa kogi ba. Ku karanta shi tare, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Kogi ɗaya, mutane da yawa

Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tuddan Adamawa, arewa da Ngaundere. Yana shiga tafkin Lagdo, inda aka gama gina madatsar ruwa a 1982, nisan kamar kilomita 50 daga Garwa. Daga nan ya haɗu da Mayo Kebi, ya wuce ta gefen Garwa, ya karɓi ruwan Faro kusa da iyaka, ya shiga Nijeriya. Ya bi ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, har ya faɗa cikin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kamar kilomita 1,400.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda yake zaune a bakin kogin nan akwai wani a samansa, akwai kuma wani a gangarensa. Abin da mutumin Lagdo ya zuba, mutumin Garwa zai gamu da shi. Abin da mutumin Garwa ya zuba, masunta da masu lambu na ƙauyukan gangare za su gamu da shi. Kogi ba ya ɓatar da ƙazanta. Ɗauka yake yi daga ƙofar wani ya kai ƙofar wani.

Mene ne ƙazamin ruwa?

Duk ruwan da aka yi aiki da shi aka zubar, shi ne ƙazamin ruwa. Iri huɗu ne.

Na ɗaya, ruwan masai, wato kashi da fitsari da ruwan da aka yi tsarki da shi. Wannan ya fi kowanne haɗari.

Na biyu, ruwan wanka da wanki da wanke-wanke. Yana ɗauke da sabulu da maiƙo da guntun abinci. Idan an wanke ƙunzugun jariri ko tufafin mai gudawa a ciki, ya zama ɗaya da ruwan masai.

Na uku, ruwan sana'a: jini da kayan tumbi daga mayanka, ruwan marina da majema, baƙin mai daga garejin kanikawa, ruwan masana'antu, da ruwan asibitoci, har da irin namu. Haka kuma ragowar maganin feshin auduga idan an wanke tankin feshi a bakin ruwa.

Na huɗu, ruwan sama da ya bi ta tituna da juji. Garwa tana samun ruwan sama kamar milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Shi ne yake haɗa sauran ukun ya kai su kogi.

Yawancin ruwan da ya shiga gida yakan fito a ƙazance. Gidan da yake ɗebo jarka biyar mai lita 20 a rana, wato lita 100, kamar lita 80 za ta koma waje. To, ku auna da gari kamar Garwa, wanda ƙidayar 2005 ta samu mutum fiye da 230,000 a cikinsa, ya kuwa ƙaru sosai tun daga lokacin. Yawancin gidaje a nan, da na ƙananan garuruwa irin su Pitowa da Ngong da Gidar, ba su haɗe da wani babban bututun kwashe ƙazanta. Kowane gida da masansa ko raminsa, sauran ruwan kuma a sake shi ya bi lungu.

Cututtukan da yake kawowa

Kashin da bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba zai iya ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Kashin jariri ma haka yake, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka ba shi da lahani. Idan ya shiga ruwan sha yana kawo kwalara, da taifot, da atini, da gudawar yara, da wasu irin shawara, da shan inna, da tsutsar ciki.

Kwalara ta fara shiga Kamaru a 1971, tun daga nan kuwa ba ta daina dawowa ba. A 2010 ta kama mutum fiye da 10,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 600, mafi yawansu a Arewa Mai Nisa. A 2011 waɗanda ta kama sun wuce 22,000. A 2018 ta sake ɓulla a Yankin Arewa. Tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin yini ɗaya, saboda ruwan jikinsa yana ƙarewa.

Akwai kuma tsargiya, wadda ba ta bukatar a sha ruwan. Yaro mai fitsarin jini ya yi fitsari a tafki ko a bakin kogi. Ƙwayayen tsutsar da suke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. Bayan mako huɗu zuwa shida sai dubban ƙananan tsutsotsi su fito daga katantanwar, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko kamun kifi ko aikin shinkafa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. Cuta ce, tana da magani, sunansa farazikwantel. Idan an bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda.

Shin kogi ba ya wanke kansa?

Dattawa sukan tambaye mu, su ce: "Malam, ai tun kakanninmu ana zubar da ƙazanta a kogi, ruwa mai gudu kuwa ba ya riƙe dauɗa." Amsar ita ce: Baba, kogi yana iya wanke kaɗan, ba ya iya wanke mai yawa.

Ga yadda abin yake. A cikin ruwa akwai wasu ƙananan halittu masu amfani waɗanda suke cinye ruɓaɓɓen abu. Suna bukatar iskar da take narke cikin ruwa, ita ce kuma kifi yake shaƙa. Idan ƙazanta kaɗan ce, su cinye ta, rana ta kashe wasu ƙwayoyin cuta, ruwa ya gyaru bayan tafiya mai nisa. Idan ta yi yawa, sai su shanye iskar duka. Ruwan ya yi baƙi, ya yi wari, kifi ya mutu ko ya gudu. A zamanin kakanni mutanen bakin kogi ba su kai na yau yawa ba, babu leda, babu maganin feshi, babu baƙin mai. Ban da haka, da rani ruwan kogi yakan ragu ƙwarai, amma ƙazantar gari ba ta raguwa.

A watannin Agusta da Satumba kuma ga ambaliya. Waɗanda suka ga ta 2012 sun san yadda ruwa ya shiga gidaje da gonaki a kwarin Binuwai. A irin wannan lokaci masai yakan cika ya tumbatsa, abin da yake cikinsa ya shiga rijiya. Ruwa ya janye, cuta ta zauna.

Abin da ya faru a garuruwa biyu

A 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hambug a ƙasar Jamus, ta kashe mutum fiye da 8,000 cikin 'yan makonni. Birnin yana shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, yana kuma zuba ƙazantarsa cikin wannan kogin. Maƙwabcinsa garin Altona yana gangare da shi, wato ruwan da yake isa gare shi ya fi ƙazanta. Amma Altona tana tace ruwanta da yashi kafin a raba wa mutane, waɗanda suka mutu a can kuwa kaɗan ne ƙwarai idan an gwada da Hambug. Wannan ya koya wa duniya abu biyu. Dole a tsabtace ruwan da za a sha. Dole kuma a tsabtace ruwan da za a zubar, domin ba kowane mutumin gangare yake da matata ba. Masuncin da yake ɗiban ruwa da ƙwarya daga cikin kwalekwale ba shi da ita.

Yadda ƙaramin gari zai tsabtace ƙazamin ruwansa

Manyan biranen Turai suna da injuna masu cin wutar lantarki da kuɗi mai yawa. Mu ba sai mun jira irinsu ba. Akwai hanya mai sauƙi da ta dace da ƙasa mai zafi, wato tafkunan tsabtace ruwa. Zafin da muke kuka da shi a watan Maris da Afirilu, lokacin da yake wuce digiri 40, shi ne yake sa wannan hanya ta yi aiki sosai. Ana haƙa tafkunan a jere, nesa da gidaje da rijiyoyi, a wurin da ambaliya ba ta kaiwa. Ana daɓe ƙasansu da yumɓu ko a shimfiɗa roba mai kauri don kada ruwan ya tsiyaya ƙasa. Ga matakan:

1. Raga da ramin yashi. Ruwan yana fara ratsa ragar ƙarfe wadda take tare leda da tsumma da kara. Sai ya bi ta wani ɗan rami inda yashi yake kwantawa. Kullum ana kwashe abin da ya taru a binne.

2. Tafki mai zurfi. Zurfinsa mita 2 zuwa 5. Ruwan yana kwana ɗaya zuwa biyar a ciki. Abu mai nauyi yana nutsewa ƙasa, tare da yawancin ƙwayayen tsutsar ciki. Ƙananan halittun da ba su bukatar iska su ruɓar da shi. A ƙasa mai zafi wannan tafki kaɗai yana rage fiye da rabin ƙazantar.

3. Tafki mai faɗi. Zurfinsa mita 1 zuwa 2, amma ya fi na farko faɗi nesa ba kusa ba. Ruwansa kore ne saboda gansakuka. Kada koren ya tsorata ku, alamar lafiyar tafkin ce. Gansakukar tana samar da iska idan rana ta haska ta, ƙananan halittu su yi amfani da iskar su cinye sauran ƙazantar.

4. Tafkunan ƙarshe. Biyu ne ko uku, zurfinsu kamar mita ɗaya, don hasken rana ya ratsa sosai. A nan ne mafi yawan ƙwayoyin cuta suke mutuwa.

Daga shiga zuwa fita ruwan yakan yi mako uku zuwa shida. Wanda ya fito ba na sha ba ne, amma ana iya ban ruwan itatuwa da gonaki da shi, ko a sake shi cikin kogi ba tare da babbar ɓarna ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1989 ya ce ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsar ciki ɗaya a cikin lita guda. Tafkunan da aka gina daidai, ake kuma kula da su, suna iya cika wannan sharaɗi.

Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda zafi da rani suke kama da namu, akwai irin waɗannan tafkuna a unguwar Kosodo tun 2004.

Tafkunan suna da nasu bukatu. Suna cin fili. Suna bukatar shinge don yara da dabbobi. Dole a riƙa yanke ciyawar gefensu don kada sauro ya samu wurin haihuwa. Bayan 'yan shekaru kuma a yashe lakar tafki mai zurfi. Ruwan majema da na masana'antu da baƙin mai ba a sake su kai tsaye cikin tafkunan, domin gubarsu tana kashe halittun da suke yin aikin. Kowace sana'a ta fara rage nata dafin a wurinta.

Ina ake kai abin da aka kwashe daga masai?

Tun da yawancin gidajenmu masai suke da shi, wannan ita ce tambaya mafi girma. Masai ya cika, an kira mota ko masu kwasa da hannu, an biya su. Ina suka nufa da shi? Idan cikin mayo ne ko bayan gari, to an ɗauke cutar daga gida ɗaya an raba wa gari duka.

Abin da ya kamata shi ne gari ya keɓe wuri guda, da filayen shanya waɗanda aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi. Ana zuba kayan a kai, ruwan ya tsiyaya ya tafi tafkuna, abin da ya rage ya bushe a rana. Idan an adana shi shekara ɗaya cikakkiya ko fiye, ƙwayayen tsutsa su mutu, ya zama taki. A cikin Kamaru ma ana yi. Yaunde ta buɗe irin wannan wuri a Etowa a 2021, garin Bangangte kuma a Yankin Yamma, wanda bai kai Garwa girma ba, yana da nasa.

Gargaɗi ga masu kwasa: iskar cikin ramin masai tana kisa. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. A buɗe ramin ya sha iska tukuna, a sa takalmin roba da safar hannu, a yi wanka da sabulu kafin a taɓa abinci.

Aikin hukuma da aikin unguwa

Dokar ƙasa mai lamba 98/005 ta ranar 14 ga Afirilu 1998 ta hana zuba duk abin da zai gurɓata ruwa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Tsabtar gari kuma tana cikin aikin da doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mutanen unguwa su je wurin jauro ko lawan ko lamiɗo, su nemi a kai magana ofishin magajin gari. Ga abin da za a roƙa: wurin zubar da kayan masai, masai a kasuwa da tasha da makaranta da bakin kogi, yashe lambatu kafin damina, da ramin tara jini da kayan tumbi a mayanka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin kowane gida

Ba sai an jira hukuma ba kafin a yi waɗannan:

Ku gina masai, kowa kuma ya yi amfani da shi, har da yara. Kashin jariri a zuba shi cikin masai nan take.

Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, wato kamar taki 40 na babban mutum, ya kuma kasance a gangaren rijiyar. Ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ake samun ruwa da damina. A fadama, inda ruwa yake kusa, a ɗaga masan sama a kan tudun ƙasa ko gini.

Wanda yake da hali ya yi rami biyu. Idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara ɗaya zuwa biyu, a koma ɗayan.

Ruwan wanka da wanki kada a sake shi lungu. A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a rufe samansa, ruwan ya shiga ƙasa ta shanye. Ko a juya shi gindin ayaba ko gwanda.

Kada a yi fitsari ko bayan gida a kogi, ko a tafki, ko a yashin mayo. Da rani a cikin wannan yashin mata suke tona rami su ɗebi ruwa.

Kada a wanke tankin feshi ko babur a bakin ruwa. Kada a zuba ruwa ko abinci a cikin tsohuwar jarkar maganin feshi.

Rijiya ta samu baki mai tsawo da murfi da guga guda wadda ba ta taɓa ƙasa.

Ruwan sha: idan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta, ko a sa alif ko garin 'ya'yan zogale, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Amma ku sani ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Bayan tacewa a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar kulorin bisa ga umarnin da yake jikin takardar, a jira minti 30. A adana shi a tulu mai murfi, da moɗa guda.

A wanke hannu da sabulu bayan fita masai, bayan wanke wa yaro, kafin girki, da kafin cin abinci. Idan babu sabulu a yi da toka.

Idan gudawa ta riga ta kama mutum

Ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Idan akwai ƙunshin da ake bayarwa a asibiti, a kaɗa guda a cikin lita ɗaya na tsabtataccen ruwa. Idan babu, a sa ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffe ba tuli ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Uwa ta ci gaba da ba da nono. Yara su sha ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Ku kawo shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan kashin ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko fitsari ya tsaya. Ku ci gaba da ba shi ruwan a hanya. Tufafinsa da shimfiɗarsa a jiƙa su da ruwan javel, a wanke nesa da rijiya da kogi, a zuba ruwan wankin cikin masai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne suke zaune a samanku, su wane ne kuma a gangarenku?
2. Ina ruwan wankan gidanku yake ƙarewa? Ku bi shi da ƙafa ku gani.
3. Taki nawa ne tsakanin masanku da rijiya mafi kusa?
4. Idan an kwashe masai a unguwarku, ina ake zubarwa? Wa za ku tambaya?
5. Wane abu ɗaya ne za ku iya gyarawa tare kafin ruwan fari na bana?

Rigakafi ya fi magani. Gado a ɗakin yara yana iya warkar da yaro ɗaya, amma masai mai kyau da ramin shanye ruwa suna tsare yaran da ba ku taɓa gani ba, a ƙauyukan da kogi yake kaiwa bayan ya wuce ƙofarku.